GARIN IBI, MASHIGAR BISHARA A BAKIN KOGIN BINUWAI

GABATARWA

Godiya da yabo su tabbata ga Allah Uba, wanda cikin alherinsa ya kawo ikilisiyarmu ga cika shekara 50. Sa'ad da dattawan ikilisiya suka ɗora wa Kwamitin Tarihi nauyin rubuta wani abu cikin wannan littafin tunawa, sun gargaɗe mu kada mu tsaya a kan ranar da aka aza harsashin majami'armu kaɗai. Suka ce mu bi sawu baya, mu ga ta inda Bishara ta biyo kafin ta iso mana, gama waiwaye adon tafiya ne. Bin sawun nan shi ya kai mu garin Ibi, wani ƙaramin gari a bakin kogin Binuwai, cikin Jihar Taraba.

Da yawa cikin matasanmu sun san Jos da Gindiri da Numan da Takum, amma in an ambaci Ibi sai su tambaya ina ne. Alhali kuwa yawancin ikilisiyoyin da ke cikin tarayyar TEKAN, in suka bi asalinsu, sai sun ratsa ta wannan gari. Domin haka muka ga ya dace mu je mu gani da idonmu, gama gani ya kori ji, sa'an nan mu kawo wa 'yan'uwa labarin garin, da tarihinsa, da abin da baƙo zai tarar in ya je.

INDA GARIN YAKE

Kogin Binuwai ya taso ne daga tuddan Adamawa cikin ƙasar Kamaru. Ya bi ta Garwa, ya shigo Nijeriya ya wuce Yola da Numan da Lau da Ibi da Makurɗi, sa'an nan ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja. Tsawonsa kimanin kilomita 1,400 ne. Ibi tana gaɓar kudu, daura da inda kogin Shemankar, wanda ya gangaro daga Filato, yake zuba cikin Binuwai. Kogin Taraba da kogin Donga su ma a gabas da garin suke shiga Binuwai, saboda haka ruwan da ke wucewa gaban Ibi ruwa ne mai yawa ƙwarai.

Hanya biyu ce zuwa garin. Wanda ya fito daga kudu sai ya bi ta Wukari, ya miƙe arewa har Ibi. Wanda ya fito daga Filato, kamar yadda muka yi, sai ya bi ta Shendam da Yelwa da Sarkin Kudu har bakin kogi. A nan muka bar mota muka shiga jirgin fito, tare da 'yan kasuwa da buhunansu da baburansu, muka haye. Mutanen ƙasar sun haɗa da Jukunawa da Hausawa da Fulani da Tibi da waɗansu kabilu, Musulmi da Kirista, kuma Hausa ita ce harshen kasuwa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, Ibi hedkwatar ƙaramar hukuma ce a cikinta.

IBI KAFIN ZUWAN 'YAN MISHAN

Ƙasar nan tun fil azal ƙasar Jukunawa ce, magadan daular Kwararrafa, waɗanda babban sarkinsu, Aku Uka, yake zaune a Wukari. Garin Ibi kuwa a wajen shekarun 1850 ya kafu, ya yi ta bunƙasa da cinikin hauren giwa da na bayi. Wannan magana ce mai ɗaci, amma tarihi ba ya ɓoye ta. Gaɓar da daga baya masu shelar 'yanci cikin Kristi suka sauka, ita ce gaɓar da aka riƙa loda 'yan Adam cikin jirage ana kai su kasuwa.

A 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya haye Binuwai kusa da Yola, ya aika da labarin kogin zuwa Turai. Bisa ga wannan labari aka aiko da wani jirgi mai tafiya da tururi, sunansa Pleiad, a 1854, ƙarƙashin Dokta William Baikie. Jirgin ya hau Binuwai, ya tsaya a Jibu da ke wannan yanki, ya yi gaba har ƙasar Muri. Abu biyu ne suka sa muke tunawa da tafiyar nan. Na fari, Baikie ya sa mutanensa shan maganin kwinin kowace rana, aka je aka komo ba wanda zazzaɓi ya kashe, alhali tafiyar 1841 ta cinye rayuka da yawa. Na biyu, a cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda shi kansa aka taɓa kamawa bawa yana yaro, aka 'yanta shi, ya zama Fasto, daga baya kuma a 1864 ya zama Bishop. Wato shekara 50 cif kafin 'yan Mishan ɗinmu su sauka a Ibi, wani baƙar fata mai bin Yesu ya riga ya ratsa wannan ruwa yana duban garuruwan gaɓa da zuciyar mai bishara.

A shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda a 1886 ya sami izinin sarauta ya zama Royal Niger Company, ya kafa kanti a Ibi, ya mai da garin cibiyar harkokinsa a kan Binuwai. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin ran 1 ga Janairu 1900, Ibi ta zama sansanin soja, ta kuma riƙe mazaunin Razdan na Lardin Muri shekaru da dama. Don haka a farkon ƙarni na 20, duk mai nufin shiga ƙasashen tsakiyar Binuwai, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, a Ibi yake sauke kaya.

ZUWAN MUTUM HUƊU A 1904

A 1902 Dokta Karl Kumm, Bajamushe, tare da matarsa Lucy, suka kafa wata ƙungiyar bishara a Ingila domin ƙasashen da a lokacin ake kira Sudan, wato faɗin ƙasar baƙar fata tun daga kogin Kwara har kogin Nilu. A watan Yuni 1904 aka sāke mata suna ta zama Sudan United Mission, wadda iyayenmu suka fi sani da S.U.M. Nufin sunan shi ne masu bi na ɗarikoki dabam dabam su haɗa hannu cikin aiki ɗaya.

Ran 23 ga Yuli 1904 mutum huɗu suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Liverpool a Ingila: Dokta Karl Kumm, Dokta Ambrose Bateman, John Burt da Lowry Maxwell. Suka sauka a Burutu, suka hau Kwara zuwa Lokoja. Daga nan Kumm ya tafi Zungeru ya gana da Gwamna Lugga, aka daidaita a kan su fara aiki a wajen Wase. Sai suka hau Binuwai har Ibi. Tun ba a je ko'ina ba gwaji ya same su, gama likitansu, Dokta Bateman, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, dole ya koma gida. Sauran ukun suka haye kogi, suka yi tafiyar kimanin mil 80 ta ƙasa tare da masu ɗaukar kaya, suka isa gindin Dutsen Wase a watan Oktoba 1904.

Aikin Wase bai daɗe ba. Garin na Musulmi ne mai sarkinsa, kabilun kan duwatsu da suka zo nema kuwa suna nesa da wurin, saboda haka cikin 'yan shekaru aka bar tashar. Ga idon mutum kamar an yi hasara ne, amma daga nan aikin ya yaɗu. Aka buɗe Wukari a 1906, aka buɗe Donga da Langtang a 1907. Da tashoshi suka yawaita a hayin kudu da hayin arewa, sai aka ga ba wurin da ya fi dacewa da zama tsakiya kamar Ibi. Kafin 1910 garin ya riga ya zama hedkwatar Mishan.

YADDA RASSA SUKA RATSA TA IBI

A zamanin nan kogi shi ne babbar hanya. Manyan jirage sukan hau Binuwai da damina ne kawai, sa'ad da ruwa ya cika. Da rani kuwa sai kwalekwale da jiragen da ake turawa da gora, tafiyar da takan ɗauki makonni daga Lokoja. Wasiƙu da magunguna da littattafai da kuɗin aiki duka a Ibi ake sauke su, daga nan a rarraba su a kan mutane zuwa tashoshi. Sabon ɗan Mishan kuma nan yakan fara sauka ya ji inda za a tura shi.

C. W. Guinter ya zo daga Amurka a 1906, ya yi aiki a Wukari, sa'an nan a 1923 ya buɗe Bambur, tushen ikilisiyoyin Metodis na ƙasar Muri. Reshen Afirka ta Kudu ya buɗe aiki cikin Tibi a Saai a watan Afrilu 1911 ta hannun Carl Zimmermann, wanda shi ne mafarin ikilisiyar NKST. Dokta Niels Bronnum na ƙasar Danmak ya zo a 1913 tare da matarsa Margaret. Matar ta rasu a Rumasha bayan haihuwa, aka koma da jaririn Turai, shi kuwa ya ci gaba da hawan kogi, ya wuce ta gaban Ibi, ya kai Numan, inda 'yan'uwanmu na LCCN suke riƙe da 5 ga Oktoba 1913 a matsayin ranar fara aikinsu. Johanna Veenstra, budurwa daga Amurka, ta iso Ibi a 1920, ta koyi Hausa, ta tafi Lupwe kusa da Takum a 1921. Ta yi aiki a can har ta rasu a asibitin Vom a 1933, kabarinta yana Vom. Daga aikinta ne ikilisiyar CRCN ta sami ƙarfi, makarantar tauhidi ta Donga kuma tana ɗauke da sunanta.

Wani abin da ya haɗa rassan nan shi ne harshen Hausa. Kabilun Binuwai da Filato suna da harsuna masu yawan gaske, amma fatake sun riga sun kai Hausa kowace kasuwa. Saboda haka 'yan Mishan suka ɗauke ta harshen koyarwa da wa'azi. Lowry Maxwell na cikin waɗanda suka ƙware a cikinta. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Bajukune da Batarke da Babirome da Babacame suka iya zama a benci ɗaya su karanta aya ɗaya. Sujadar da muke yi da Hausa kowace Lahadi gādon wannan zamani ne.

WAƊANDA SUKA ƊAUKI KAYAN

Littattafan Mishan sun fi riƙe sunayen Turawa, amma ba su kaɗai suka yi aikin ba. Masu tuƙin jirgi ne suka haye da su Binuwai, yawancinsu kuwa ba masu bi ba ne. 'Yan alaro ne suka ɗauki akwatunansu a ka daga Ibi zuwa Wase da Langtang da Takum. Akwai tafintoci, da masu dafa abinci, da magina, da sarakunan da suka ba da fili. In ba domin waɗannan ba, da kayan sun tsaya a bakin ruwa.

Akwai kuma 'yantattun bayi. Bayan da gwamnati ta hana cinikin bayi, an tara yaran da aka ƙwato daga hannun fatake a wani gida a Zungeru. A 1909 aka danƙa su ga S.U.M., aka buɗe musu gida a Rumasha a bakin Binuwai, garin da yanzu ake kira Umaisha cikin Jihar Nasarawa. Aka sa wa gidan sunan Lucy, matar Kumm, wadda ta rasu a 1906. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925 da yaran suka girma. Waɗannan yara, da ba su da uwa ba su da uba, waɗansu ma sun manta da harshensu na haihuwa, daga cikinsu aka sami malaman makaranta da masu bishara da iyayen gidajen Kirista na fari a wannan yanki. A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin shekara ce ta sakin bayi da komawar kowa ga danginsa. Ya kamata mu da muke bikin Jubili mu tuna cewa cikin waɗanda suka aza mana harsashi akwai mutanen da aka kwance wa igiya a zahiri.

Sannu a hankali aiki ya koma hannun 'yan ƙasa. A 1917 aka kafa ikilisiya ta fari mai dattawanta a Donga. A 1938 aka keɓe Fastoci uku na fari a Filato, wato Toma Tok Bot, Bali Falang da David Lot. A 1947 aka keɓe Istifanus Audu a yankin Takum. Da Mishan ta cika shekara 50 a 1954, Maxwell, wanda yake cikin mutum huɗun fari, ya rubuta tarihinta cikin littafi mai suna Half a Century of Grace. A 1955 kuma, a Randa, ikilisiyoyi 6 suka haɗu suka kafa Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wato TEKAS, wadda daga baya ta zama TEKAN.

YADDA HANYA TA KAUCE WA IBI

Kogi ne ya ɗaukaka Ibi, jirgin ƙasa da mota kuma suka rage mata ƙarfi. A 1926 aka rushe Lardin Muri, aka haɗa Ibi da Wukari cikin Lardin Binuwai. A 1927 babban layin dogo ya kai Jos, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Tafiyar da take cin makonni a ruwa ta koma ta 'yan kwanaki. Mishan ma ta bi hanya: an buɗe asibitin Vom a 1922, aka buɗe makarantar Gindiri a 1934, hedkwata kuma ta koma kan tudun Filato. Manyan jirage suka yi ta raguwa har suka daina zuwa.

Garin ya ga wahala iri iri a shekarun baya. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka zo tare da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun ci gidaje da gonaki a bakin kogi. Rikicin da ya auku a Ibi a 2012, da na yankin Wukari a 2013 da 2014, ya jawo hasarar rayuka da dukiya ga Kirista da Musulmi duka. Duk da haka mun tarar da mutane suna cin kasuwa ɗaya, suna shiga jirgi ɗaya. Masu bi na garin suna nan suna sujada, suna kuma bukatar addu'armu.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Abu na fari shi ne mafitar jirage. Wanda ya zo da sassafe zai ga masunta suna komowa da kamun dare, mata suna jira da kwanduna, masu fito suna kiran fasinja. Da rani ruwa yakan janye ya bar tsibiran yashi farare tsakiyar kogi, inda masunta ke kafa bukkoki. Da damina kuwa sai kogin ya cika ya batse, har hayin can ya yi wa ido nisa. Muna ba da shawara duk ƙungiyar da ta je ta tsaya a wannan gaɓa ta yi addu'a, gama nan ne ƙafafun masu kawo mana Bishara suka taka.

Na biyu shi ne kasuwa. Ibi garin kifi ne: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, bargi, ɗanye da banda. Ana kuma tara riɗi da waken soya da doya da shinkafa daga ƙauyuka. Mata na Zumunta da suka raka mu ba su komo hannu wofi ba.

Na uku shi ne tafkin Nwonyo, kimanin kilomita 5 daga gari. Bisa ga tarihin da mutanen wurin suke bayarwa, wani mai suna Buba Wurbo ne ya gano shi, sunan kuma yana nufin maɓoyar manyan namun ruwa. Nan ake yin shahararren bikin kamun kifi na Nwonyo da rani, inda masunta ke faɗawa ruwa a lokaci ɗaya, wanda ya kamo kifi mafi nauyi shi ne zakara. Ana haɗawa da tseren kwalekwale da iyo da raye-rayen gargajiya. An yi shekaru ba a yi bikin ba, sai a 2024 aka farfaɗo da shi.

Wanda yake da lokaci kuma sai ya zarce Wukari ya ga fadar Aku Uka, ya kai Donga inda aka kafa ikilisiya ta fari, ya ƙarasa Takum da Lupwe. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Disamba zuwa Maris. Kada a shiga jirgin da aka cika wa kaya fiye da kima, kada a haye da dare, a kuma sanar da shugabannin ikilisiyar garin kafin a tashi.

KAMMALAWA

Cikin Littafin Joshuwa sura 4, bayan da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin a kafa su, domin in 'ya'ya suka yi tambaya nan gaba a sami abin nuna musu. Ibi ɗaya ce cikin irin waɗannan duwatsu a gare mu. Amma dutse ba ya magana sai akwai mai ba da labarinsa. Garin da ya taɓa zama cibiyar aiki duka, cikin shekaru kaɗan jikokin aikin suka daina jin sunansa. Abin da ya sami Ibi yana iya samun iyayen da suka kafa wannan ikilisiya tamu shekara 50 da suka wuce, in muka yi sakaci.

Saboda haka Kwamiti yana roƙon abu uku. Na ɗaya, kowane gida da ke da tsohon hoto, ko katin baftisma, ko littafin waƙoƙi na iyaye, ya kawo a ajiye ko a ɗauki hotonsa. Na biyu, matasa su zauna da dattawan da Allah ya bar mana su rubuta abin da suka gani, har da sunayen matan da suka ɗebo ruwan gini da mazan da suka yi tubali, tun suna raye. Na uku, kada mu manta cewa abin da ya sauka a Ibi bai tsaya a Ibi ba, gaba ya yi har ya same mu. Akwai ƙauyuka kewaye da mu da har yanzu ba su da mai bishara, mu ne kuwa mashigarsu.

Allah ya albarkaci garin Ibi da mazaunanta duka, ya ba ƙasarmu salama. Allah ya riƙe ikilisiyarsa, ya sa 'ya'yanmu su ga cikar shekara 100 suna tsaye cikin bangaskiya. Amin.

Kwamitin Tarihi na Bikin Jubili